Koyon tuƙin jirgin sama: a yi a tashi ɗaya, ko a bi sannu?

Wani maƙwabcinmu a Tudun Wadan Gombe ya tare ni bayan La'asar. Ɗansa ya gama digiri, ya kafe shi sai tuƙin jirgi. Dama tun yana yaro in an je filin jirgin Lawanti rakiyar alhazai, jirgin kawai yake kallo. Ya ce, "Malam, an ce akwai kwas na shekara ɗaya da rabi, akwai kuma wanda ake ja har shekara huɗu. Wanne ne ba asara?"

Na ce masa, Alhaji, abin da za ka saya awowin tashi ne. Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, lasisin farko, PPL, yana buƙatar awa 40 a sama. Na aikin kuɗi, CPL, awa 200 ne, ko 150 in kwas ne dunƙulalle a makarantar da aka amince da ita. Na manyan kyaftin kuwa sai an tara awa 1,500. Sauri ba ya ɗauke wa kowa wannan lissafi.

Ribar kwas mai sauri ita ce hannu ba ya hucewa. Saukar da jirgi aikin hannu ne da ido, wanda ya tashi sau huɗu a mako yana ɗorawa kan darasin jiya. Wanda ya yi wata bai hau ba, rabin awarsa ta farko tuni ce, kuma tunin ma sai ya biya, da farashin da ke bin dala. Shi ya sa mai ja sau da yawa yakan tarar ya biya awowin da suka zarce na ƙa'ida. Amma fa saurin yana son kuɗi a ƙasa tun ranar farko, ba aiki, ba zuwa biki, ga jarrabawar yanayi da dokokin sararin sama da sanin inji a jere. Yaron da ba ya ɗaukar karatu da wuri zai wahala, 'yan ajinsa ba za su jira shi ba.

Bin sannu kuwa yana da kyau ga mai albashi: ya yi PPL, ya ga ko abin ya karɓe shi kafin a sayar da gona. Sai dai a Amurka ne mutum yake fita daga ofis ya je ya tashi awa ɗaya ya dawo gida. Mu nan makarantun da aka sani su ne kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ta Ilori. Daga Gombe ba wanda zai riƙa zuwa Zariya kowace Asabar. Sannun da zai yiwu mana shi ne a yi kowane mataki a dunƙule, a dawo a tara na gaba. Ko shi ɗin, wanda ya ga yadda naira ta zube tun 2023 ya san jira ma yana da farashi.

Akwai kuma abin da talla ba ta faɗa. Sabon ɗalibi da ido yake tashi, in hazo ya rufe daga Disamba zuwa Fabrairu sai zaman ƙasa, da damina kuma hadari. Kwas ɗin da aka rubuta wata 18 yana iya miƙewa. Don haka ka tambayi kowace makaranta jirage nawa ne ke tashi yau, malamai nawa, kuma ajin da ya fita na ƙarshe wata nawa ya ci. Ka ji daga bakin ɗalibai. In Afirka ta Kudu za a kai shi saboda kyan yanayi, a sa kuɗin juya lasisin a NCAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya, cikin lissafi, da na horon takamaiman jirgi irin Boeing 737, wanda daban ake biya.

Ni dai in kuɗin sun cika, mai sauri zan zaɓa, amma in biya kashi-kashi. In ba su cika ba, gara mataki-mataki da a tsaya a tsakiya. Kafin komai na ce ya kai yaron gwajin lafiya na matuƙa aji na ɗaya wurin likitan da NCAA ta amince da shi, don akwai masu rashin bambance ja da kore da ba su taɓa sani ba. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a cikin makon nan za su je.