Jirgin Tururi na Llangollen: Tafiya Mai Daɗi, Asusu Mai Rauni

Tsohon layin dogo na Llangollen da ke Wales a Birtaniya yana bin gaɓar kogin Dee tsawon mil 10 daga garin Llangollen zuwa garin Corwen, kuma duk wanda ya zauna bakin taga, ya shaƙi ƙaurin kwal, ya ji kukan tururi, zai yarda kuɗin tikitinsa bai tafi banza ba.

Sai dai asusun wurin ya sha wuya. A watan Maris 2021 kamfanin da ke gudanar da shi ya durƙushe saboda bashi da asarar da ya tafka a kwangilolin gyaran injuna, har aka yi gwanjon wasu taragunsa. Gidauniyar masu aikin sa-kai ce ta karɓi ragama, kuma a ganina ta taka rawar gani, domin a 2023 ta buɗe sabuwar tashar Corwen.