Shirin horon tunani ga masu cutar sikizofreniya: inda ya yi amfani da inda ya gaza

Magungunan da ake bai wa masu cutar sikizofreniya, wato wani nau'in taɓin hankali, suna rage jin muryoyin da babu su da zarge-zarge marasa tushe, domin suna dakushe aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa ba sa taɓuka abin kirki a kan raunin mayar da hankali, da saurin mantuwa, da wahalar tsara aiki daki-daki. Wannan giɓi ne shirin horon tunani da wasu asibitocin ƙwaƙwalwa ke gudanarwa yake neman cikewa. Ƙanena ya shiga irin wannan shiri bayan ciwonsa ya lafa, kuma ni nake raka shi, don haka abin da zan faɗa ganau ne, ba jiyau ba.

An fara da gwaji. An karanta masa jerin kalmomi aka ce ya maimaita, aka ba shi haruffa da lambobi a cakuɗe ya jera su a ka, sannan aka sa shi rarraba katuna bisa wata ƙa'ida da ake sauyawa ba tare da an sanar da shi ba. Daga nan aka ɗora shi kan atisaye a kwamfuta sau biyu zuwa uku a mako, wanda ke ƙara wuya gwargwadon ƙwazonsa. Wannan ɓangare bai burge ni ba. Atisayen na maimaita kansa har ya gundiri mai lafiya ma, kuma ƙaruwar maki a allo ba ta nuna cewa mutum zai tuna saƙon da aka aike shi da shi.

Darajar shirin tana wajen jami'ar da ke zama da shi bayan atisayen. Matsalar ƙanena mafi girma ita ce magana: yakan fara zance a kan abu guda, kalma ɗaya ta ja shi zuwa wani, har ya manta inda ya dosa, kuma yakan yi ta cewa "shi" da "ita" ba tare da ya ambaci wanda yake nufi ba. Wata rana ya ce mata, "Shi ne ya ce masa ya ba ta, to kuma ba su zo da shi ba." Ba ta yi kamar ta gane ba, ba ta kuma katse shi da gyara ba. Sai da ya dire ta ce, "Malam, wa ya yi maganar, kuma me aka ce a bayar?" Ta koya masa ya riƙa ambaton suna kafin ya ce "shi", ya kuma faɗi gundarin saƙonsa a jimla ɗaya kafin ya shiga bayani. Mu ma a gida mun ɗauki wannan salo, muka daina gyaɗa kai ga abin da ba mu fahimta ba, wanda a da muke yi da sunan tausayi.

Bincike ya goyi bayan abin da na lura da shi. Nazarin da masaniyar halayyar ɗan Adam Til Wykes da abokan aikinta suka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike 40 a kan mutum fiye da 2,000, ya nuna cewa amfanin horon matsakaici ne, kuma ya fi tasiri a rayuwar yau da kullum idan an haɗa shi da sauran ayyukan farfaɗo da majinyaci. Wani nazari na 2021 da ya haɗa bincike 130 ya nuna cewa kasancewar ƙwararren jami'i mai bibiyar majinyaci na daga cikin abubuwan da ke ƙara wa shirin ƙarfi.

Na kuma yaba da yadda suka duba magungunansa. Yana shan trihexyphenidyl saboda sandarewar jiki da kakkarwa da maganin ciwon ke jawowa, kuma wannan rukunin magani sananne ne wajen raunana ƙarfin tunawa. Jami'ar ta rubuta wa likitansa, shi kuma ya rage maganin sannu a hankali. Wannan mataki ne na likita kaɗai.

Inda shirin ya gaza shi ne auna maganar kanta. Tun a 1911 likitan ƙwaƙwalwa Eugen Bleuler ya ɗauki warwarewar alaƙa tsakanin tunani da tunani a matsayin ginshiƙin wannan cuta, kuma a 1979 likitar ƙwaƙwalwa Nancy Andreasen ta fitar da ma'aunin da ke rarrabe nau'o'in rikicewar zance, kamar kauce wa tambaya da ƙarancin magana. Duk da haka, gwajin farko da na ƙarshe ba su taɓo wannan fanni ba, kuma babu ƙwararren mai gyaran magana a cikin ma'aikatan. Rahoton ƙarshe ya nuna ci gaba wajen tunawa da saurin aiki, kuma gaskiya ne yanzu yana iya bin umarni uku a jere, amma da zarar ya gaji ko mutane sun yi yawa a ɗaki, zancensa kan sake warwarewa. An kuma sauya masa jami'a ana tsakiyar shirin, kuma sabuwar ta ɗauki lokaci kafin ta san dabarun da aka riga aka koya masa.

Wanda zai kai ɗan'uwansa ya tambaya tun farko ko akwai jami'in da zai zauna da majinyaci ko kuwa kwamfuta ce kawai, da kuma ko jami'i ɗaya ne zai riƙe shi har ƙarshe. Wanda ciwonsa ke kan ganiya ya jira ya lafa tukuna, domin ba zai iya zaman atisayen ba.