Saƙo daga birnin Xi'an na ƙasar Sin zuwa Argungu, kan karatun autanmu

Yaya, bayan gaisuwa, ka gaishe mini da Inna da yara. Shinkafar nan dai ba ta kama ƙafar ta fadamarmu ba, gajeriya ce mai danƙo. Amma ba a ɗauke wuta, kwanon taliya a shagon Musulmin Hui yuan 15 ne, kuma da waya nake biya, har wajen tsohuwa mai gasa dankali.

Ka tambaye ni jami'o'in kuɗi na ƙasar Sin. Minban ake ce musu, Xi'an cike take da su. Bayan jagoran ƙasar na lokacin, Deng Xiaoping, ya buɗe kasuwa a 1978 aka soma barin masu hali su kafa makarantu, dokar da ta ba su gindin zama ta fito a 2002. Ɗakunan kwana tsaf, laburare a buɗe har dare. Kuɗin ya ninka na jami'ar gwamnati sau uku ko fiye, kuma galibi wanda makinsa na gaokao, jarrabawar shiga jami'a, ya gaza shi ke shiga.

Attajiri ne ya gina, amma akwai sakataren Jam'iyyar Kwaminis a ciki, sau da yawa hukumomin lardi ke turo shi, kuma yana da kujera a majalisar gudanarwa. An ƙara ɗaure igiyar bayan ɗaliban wata jami'ar kuɗi sun yi bore a birnin Zhengzhou a 2006, kan takardar shaidar da ta saɓa wa alkawarin da aka yi musu. Gyaran dokar 2016 ya halatta neman riba, kuma a cikinsa aka rubuta matsayin jam'iyya ɓaro-ɓaro. Ɗan ƙasa ko injiniya yake karantawa sai ya yi darasin aƙidar Markisanci.

Na ga amfanin sa idon, da wuya mai makaranta ya cinye kuɗin iyaye ya sulale. Ban kuma manta 2022 ba, wata takwas auta na zaune a gida saboda yajin aikin ASUU. Nan ba ka jin yajin aiki. Sai dai, Yaya, shirun nan yana damuna ƙwarai. Wani malami da muke shiri, da hira ta karkata ga siyasa sai ya sauke murya ya waiga. Mu da muke caccakar gwamna a teburin mai shayi, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

In auta zai zo, ya nemi ta gwamnati mai tallafin karatu. Kafin ka sayar da buhu ɗaya na shinkafa, a bincika a ma'aikatar ilimi a Abuja ko suna karɓar shaidar makarantar.