Tashar BWF TV a YouTube: nan na kamu da son Chen da Jia

Gaskiya jama'a in kuna son badminton ku leƙa BWF TV a YouTube, tashar hukumar wasan ce ta duniya, kuma kyauta ce, data kawai za ta ci maka. Ni dai saboda 'yan matan Chana ɗin nan, Chen Qingchen da Jia Yifan, na maƙale mata. Wai sau huɗu suka ci gasar duniya ta mata bibbiyu, 2017 a Glasgow, sai 2021, 2022 da 2023 a jere, abin ba wasa ba.

Na fi maimaita fainal ɗin 2023 na Copenhagen da suka doke 'yan Indonesiya, hoton tas kamar kana cikin filin, har ƙarar takalmi a ƙasa kana ji, ga Jia bahaguwa ce in ta daka tsalle daga baya ta sauke duka sai ka tausaya wa ta gabanta, ita kuwa Chen tana bakin raga tana tsinke ƙwallo tana ihu duk maki ɗaya, har ƙanwata ta leƙo ɗaki ta ce yaya faɗa ake yi ne?

Azurfa suka samu a Olamfik na Tokyo, suka dawo Paris 2024 suka ɗau zinare a hannun 'yan ƙasarsu Liu Shengshu da Tan Ning.

Sharhin dai da Turanci ne, amma ko ba ka ji za ka gane. Cikakken wasa ya kan kai awa guda, ni sai dare nake saukewa lokacin da data ke araha. Taurari huɗu da rabi na ba ta.