Jama'a a yi hattara da mai sayar da "kaso" a gasar poka, mu dai mun ji a jikinmu

Salam jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bar ta, don na san duk wanda ya karanta abin da zai fara cewa shi ne "to kai me ya kai ka caca tun farko", kuma gaskiyarsa ne, ba ni da amsa. Caca caca ce, tun muna islamiyya muka san hukuncinta, ba sai an jawo min aya ba. Amma shekaranjiya ƙanin wani abokina da bai fi wata biyu da zuwa Saifurus ba ya turo min sikirinshot na wani gurup yana tambaya ko na san mutumin, ina dubawa na ga rubutun nan dai na mutumin da ya damfare mu da sunan sayar da kaso a gasar poka, wallahi ko kalma ɗaya bai canza ba, lambar waya kawai ya sake da hoton da ke kai. Shi ne na ce to kunya ta tafi can, gara in faɗa.

Ga wanda bai san nan ba, arewacin Saifurus nake nufi, ɓangaren Turkawa, inda ɗalibanmu suke da yawa a Lefkosha da Magusa da Girne. Girne ɗin nan a bakin teku take, cike da manyan otal masu gidan caca a ciki, kuma 'yan poka na duniya suna zuwa gasa a can, ko EPT, babbar gasar poka ta Turai, ta zo a 2023. Mu ɗalibai doka ta hana mu shiga gidajen cacar, sai dai mu kalla a YouTube muna cizon yatsa. Mu da muka fara da whot a ɗaki lokacin sanyi, sai wani ya koya mana poka muna yi da tsinken ashana a madadin kuɗi, kati biyu a hannu, biyar a tebur, kowa yana ƙoƙarin ɗaure fuska. Daga nan aka buɗe gurup na hira kawai, ba kuɗi ba komai, sai labaran gwanaye.

Kuma labaran nan fa gaskiya ne, shi ne abin da ya fi cutar da mu. Chris Moneymaker, akanta ne kawai daga jihar Tennessee, ya shiga ƙaramar gasa ta dala 86 a shafin poka na intanet PokerStars, ta kai shi babbar gasar duniya a Las Vegas a 2003, ya tashi da dala miliyan 2.5. Tom Dwan da ake kira durrrr ya fara da dala 50, ya ajiye karatu a jami'ar Boston, ya koma buga wasan da ake zuba dubban ɗaruruwa a hannu ɗaya. Ga yarinyar nan 'yar Norway, Annette Obrestad, tana da shekara 18 ta ci fam miliyan ɗaya a Landan a 2007. Joe Cada yana da 21 ya ci sama da dala miliyan 8 a 2009. Kullum dare sai an maimaita su a gurup kamar karatun allo, kowa yana ganin kansa a ciki, alhali kuɗin haya ma sai ka kira gida sau uku.

To ana cikin haka mutumin ya shigo. Wani ne ya saka shi, har yau ba mu gane takamaimai wa ba, kowa cewa yake ba shi ba ne. Ya girme mu kaɗan, yana jin Hausa sosai, ya iya magana, ya fi kowa sanin labaran nan, kai har gyara mana yake in mun yi kuskuren shekara. Ya ce shi ma ɗalibi ne da, ya ajiye karatun kamar Dwan, yanzu takardar aiki gare shi shi ya sa yake iya shiga. Sai hotuna: tulin kwabban robar nan da suke kira cif an jera su kamar bene, abin ɗaurawa a hannu, abincin otal, teku ta taga. Kusan wata biyu bai nemi sisin kowa ba. Oga muke ce masa, shi kuma kowa ƙaninsa ne.

Ranar da ya fara kawo maganar ma kamar alfarma ya yi mana. Wai akwai gasa, kuɗin shiga dala 1,100, zai sayar da rabi, duk kashi ɗaya cikin ɗari dala 13, in ya ci a raba gwargwadon kason kowa. Abin bai zo mana baƙo ba don ana yi da gaske a duniyar poka, shi Cada ɗin ma waɗanda suka biya masa kuɗin shiga rabin abin da ya ci suka ɗauka. Na sayi kashi biyar, dala 65. Bayan kwana uku sai ga alat, dala 140, da saƙon murya yana dariya, "ƙanina ka ga yadda ake yi ko, wannan somin taɓi ne." Ranar har shawarma na saya wa 'yan ɗakinmu. Ashe tsaba ya watsa mana.

Na biyun shi ne babba, kuɗin shiga dala 5,000, kashi ɗaya dala 60. A nan salon ya canza amma ba wanda ya lura. A gurup ya rubuta cewa kaso ya ƙare tun cikin dare, a yi haƙuri sai wani jiƙon. Sai ya biyo ni ta gefe: "Ƙanina kashi goma na ɓoye maka don na ga kana da hankali, amma don Allah kar ka faɗa wa sauran, za su ce na yi son kai." Kai ka ji yadda kaina ya kumbura. Na tura dala 600 ta kirifto, kuɗin da na fi wata biyar ina tarawa daga aikin da nake yi a wani gidan abinci. Na kama bakina kamar yadda ya ce.

Ya faɗi a ranar farko. Ya turo dogon bayani, wai katin A guda biyu ne a hannunsa, ya zuba duka, wani mai takwas biyu ya bi shi, katin ƙarshe ya zo takwas. Wanda ya san wasan ya san haka na faruwa, A biyu a kan wasu tagwayen kati kusan sau huɗu cikin biyar take ci, na biyar ɗin kuma ta kwantar da kai. Kuma a irin gasannin nan wajen kashi 15 cikin ɗari na waɗanda suka shiga ne kawai ke samun wani abu, sauran duk hannu rabbana suke tashi, har da gwanayen. To ta ina za ka zarge shi? Mu ne ma muka koma ba shi haƙuri, ni da bakina na ce Oga kar ka damu haka wasa yake. Aka sake na uku, na sake zuba 300. Ya sake faɗuwa, wannan karon sarki biyu ne wai.

Yadda asiri ya tonu ma abin dariya ne in ba kai ya shafa ba. Muna zaune a ɗakin wani abokinmu a Magusa ana dafa shayi, mu shida, sai na ga ɗaya daga cikinmu ya yi shiru tun da muka zo, kofi a hannu har ya huce bai kurɓa ba. Na ce malam lafiya? Ya ce shi fa ya shiga uku, kuɗin makarantar da Yayansa ya turo ne ya saka, kashi ashirin Oga ya ɓoye masa, dala 1,200. Mai ɗakin ya ajiye buta ya ce kamar ya kashi ashirin, ai ni ya ɓoye wa ashirin da biyar. Sai ɗakin ya yi tsit. Na jawo kwalin madara na juya bayansa, na karɓi biro, muka fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya muna rubutawa, wasu sai an yi ta rantsuwa kafin su amsa don kowa an ce masa ya rufa asiri. Mutum goma sha ɗaya muka samu a daren. Da na tara sai ga kashi 260.

Ku tsaya ku yi lissafin nan da kyau don shi ne gaba ɗaya damfarar. Mutum ɗaya kashi ɗari gare shi, ba ƙari. Shi ya sayar da 260 a kan dala 60, ya karɓi 15,600 kenan, kuɗin shiga kuma 5,000. In ya faɗi, 10,600 ta zama tasa, ba mai tambayarsa komai, har jaje ake masa. In kuwa tsautsayi ya sa ya ci, a ce dala dubu ɗari, to dubu 260 ake binsa. Wato mu muna can muna addu'a ya ci, shi kuma cin ne babbar masifar da za ta same shi. Kai ba ma dole ne ya zauna a teburin ba, hoto kawai yake buƙata daga bakin ƙofa. A daren muka shiga Hendon Mob, shafin da ake ajiye sakamakon gasannin poka na ido da ido, duk wanda ya ci ko ƙaramin kuɗi a babbar gasa za ka ga sunansa, muka rubuta sunan da ya ba mu ta kowace siga, babu. Har gasar farkon da wai ya ci. Dala 140 ɗina daga aljihun 'yan uwana ta fito, MMM ce kawai aka sa mata rigar kati, mu da muka ga yadda ta ƙare da mutane a gida a ƙarshen 2016 amma ba mu gane ta ba da ta sake kaya.

Akwai kuma tarko na biyu da ni Allah ya tsare ni, amma mutum uku sun faɗa. Bayan faɗuwar farko ya ce masu son su farfaɗo su zo kulob ɗinsa a wata manhaja. Irin manhajojin nan a rubuce kuɗin wasa ne a ciki, ba na gaske ba, kuɗin gaske yana hannun ejan, kai ka tura masa shi ya zuba maka cif, in ka ci shi zai biya ka in ya ga dama. Tebur na mutum shida, kana zaune kana ganin sunaye daban-daban, ba ka san huɗu duk wayoyinsa ne a jere a kan katifa ɗaya ba. Yana ganin kati takwas kai kana ganin biyu. Ɗayan da ya tsaya ya duba daga baya ya ce sunayen nan tare suke shigowa tare suke fita, kuma ba su taɓa yi wa juna babban zubi ba, sai in baƙo ya shiga hannun.

Abin haushin, tarihin wannan ma yana nan, mu ne dai ba ma karanta shi a gurup. A 2007 a shafin poka na Absolute Poker wani asusu mai suna Potripper ya riƙa cin mutane ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba, wanda ya zo na biyu a wata gasa ya nemi a turo masa bayanan wasan, aka yi kuskure aka turo masa fayil mai ɗauke da katin kowa, 'yan wasa suka zauna suka tantance suka gano mutumin ganin katin kowa yake daga cikin kamfanin. Shafin UltimateBet ma haka, sai da aka mayar wa mutane sama da dala miliyan 20, kuma wanda hukumar da ta ba su lasisi ta ɗora wa laifin, Russ Hamilton, tsohon zakaran duniya ne na 1994. Kamfanin poka na Full Tilt kuwa da gwamnatin Amurka ta rufe harkarsu a ƙasar ranar 15 ga Afrilun 2011, aka tarar 'yan wasa na binsu wajen dala miliyan 390 alhali abin da ke banki bai wuce miliyan 60 ba. Waɗannan fa masu lasisi ne da ofis da talla a talabijin, ina ga wani mai lambar WhatsApp. Kuma cikin labaran ɗaliban da muke ta yayatawa ba wanda ya taɓa kawo na yaron jami'ar Lehigh, shugaban ajinsu, ɗan fasto, da bashin poka ta intanet ya kai shi fashin banki a 2005 a kan abin da bai kai dala 3,000 ba, ya ƙare a gidan yari.

Washegari na kira shi, na sa a sifika kowa na ji. Na ce Oga barka da rana, don Allah rasit ɗin shiga gasar nan muke so mu gani, da lambar tebur. Ya yi 'yar dariya ya ce haba ƙanina, yau ni kake tambaya rasit, bayan duk abin da na yi maka? Na ce ba rashin kunya ba ne Oga, lissafi ne bai fita ba, kashi 260 muka gani. Ya yi shiru kamar layi ya yanke, sannan ya ce yana tuƙi zai kira. Kafin la'asar ya yi wa kowa bulok, ya fice daga gurup, hotunan ma ya goge na gogewa. Maganar 'yan sanda ta taso, sai kowa ya fara kallon kowa, don in ka je me za ka ce, kai ɗalibi ka zuba kuɗi a caca, ga takardar zama da ake sabuntawa, ga tsoron kar magana ta kai gida. Ya san da wannan tun kafin ya zaɓe mu. Kuɗin kuma kirifto ne, ba bankin da za ka je ka yi kuka.

Abokin namu mai kashi ashirin sai da ya kira Yayan nasa, ina zaune a gefe. "Yaya don Allah ka yafe min" kawai yake maimaitawa, daga can ɓangaren ba faɗa ba zagi, sai cewa aka yi kar Hajiya ta ji, aka kashe waya. Zangon nan bai yi rajista ba, yana aikin gini a wajen Iskele yana tarawa.

A sabon gurup ɗin da yaron ya nuna min, yanzu cewa yake shi tsohon ɗalibin injiniya ne, kuma ya ƙara wani salo, wai wanda ya kawo mutum biyu za a ba shi kashi ɗaya kyauta. Hoton tulin cif ɗin ma shi ne dai wanda ya turo mana, har da hannun wani mai jan agogo a gefen dama. Na ce wa yaron ya tambaye shi cikakken sunan da yake shiga gasa da shi, kuma ya ce a rubuta kason kowa a fili cikin gurup. Ya tambaya da misalin ƙarfe tara na dare, kafin goma an cire shi.