Zaɓen Sababbin Tayoyi ga Motar Gudu Mai Ƙarfin Inji

Duk ƙarfin da injin mota yake da shi, da kaifin birkinta, da na'urorin da ke hana ta zamewa, ba su da hanyar isa ga kwalta sai ta wurare huɗun da tayoyi ke taɓa ƙasa, kuma kowane ɗayansu bai fi tafin hannu girma sosai ba. A motar hawa ta yau da kullum mutum yana iya yin sakaci da wannan ya kwana lafiya, amma a mota irin Porsche 911 ko Chevrolet Corvette ko BMW M4, wadda aka ƙera domin gudu da shan kwana da ƙarfi, taya ce ke yanke hukuncin ko motar za ta bi umarnin direba ko za ta bijire masa. Saboda haka idan tayoyin da motar ta zo da su suka fara suɗewa, bai dace a bar zaɓen sababbi ga duk abin da mai sayarwa yake da shi a ajiye a ranar ba.

Kafin a kai ga kwatanta kamfanoni, akwai iyakar da motar kanta ta shata, kuma tana rubuce a gefen tsohuwar tayar da kuma a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. A ce an ga 245/35 ZR20 95Y XL. Lambar 245 faɗin tayar ce a milimita, 35 kuma na nufin tsayin gefenta kashi 35 cikin ɗari ne na faɗin, wato kusan milimita 86 kacal tsakanin wili da kwalta, sai 20 da ke nuna girman wilin a inci. Lambar 95 ita ce ta nauyin da tayar za ta iya ɗauka, kilogiram 690, harafin Y kuma yana nuna an gwada ta har zuwa gudun kilomita 300 a sa'a, kamar yadda W ke nufin 270, V kuma 240. Idan aka sa lambar nauyin da Y ɗin a cikin baka, to tayar ta wuce 300 ke nan. XL alama ce ta ƙarfafaffiyar taya mai ɗaukar ƙarin nauyi da ƙarin iska. Kada a yarda a sauko ƙasa da waɗannan lambobi biyu na nauyi da gudu, ko da mai motar ya san ba zai taɓa kai allura 250 ba, domin harafin gudun yana bayyana yadda tayar ke jure zafi da yadda gefenta ke tsayawa a kwana, kuma waɗannan suna aiki tun kafin a kai ƙarshen totur.

Yawancin motocin nan ba sa ɗaukar taya iri ɗaya gaba da baya. Porsche 911 Carrera S samfurin 992 tana da 245/35 a kan wili mai inci 20 a gaba, da 305/30 a kan mai inci 21 a baya, Corvette Stingray ta ƙarni na takwas kuma tana da faɗin iri ɗaya amma a kan inci 19 da 20. Ma'anar haka ita ce ba za a iya sauya wa tayoyin wuri tsakanin gaba da baya domin su suɗe tare ba, kuma na baya, da yake su ke turo motar, sukan riga na gaba ƙarewa da tazara mai yawa. Wanda ke sha'awar ƙara faɗi ko girman wili ya sani cewa birkin ABS, wato mai hana ƙafafu ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, da na'urar hana zamewa suna lissafi ne da yawan juyin kowace ƙafa, don haka duk canjin da ya taɓa kewayen taya, musamman bambancin da ke tsakanin gaba da baya, yana iya rikita su. Ni dai a ganina, tsayawa a kan girman da kamfani ya bayar ya fi duk wata dabara.

Akwai wata ƙaramar alama da masu saye da yawa ke tsallakewa. Kamfanonin mota suna haɗa kai da masu yin taya su ƙera taya ta musamman ga wata mota, sannan su sa mata tambari: harafin N da lamba ga Porsche, kamar N0 ko N1 ko NA0, tauraro ga BMW, MO ga Mercedes da MO1 ga motocinta na gudu masu sunan AMG, AO da RO1 ga Audi, L ga Lamborghini, MC ga McLaren. Tayoyi biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya, ɗaya da tambari ɗaya babu, suna iya bambanta a haɗin roba da taurin gefe, har ma da siffar kafaɗar tayar. Motar da injinta ke baya, kamar 911, nauyinta ya karkata ne ga ƙafafun baya, kuma an gyara tayar da ke da N ne bisa wannan. Marar tambari ba haɗari ba ce idan lambobinta sun cika, kuma wani lokaci sabon samfuri marar tambari yakan fi tsohon samfuri mai tambari da aka ƙera shekaru goma da suka wuce. Abin da bai kamata ba shi ne gauraya su a kan mota ɗaya, balle a ce dama daban hagu daban.

Babban zaɓin yana tsakanin rukunan taya ne, kuma a nan ne son zuciya ya fi yaudarar mai saye. Rukuni na farko shi ne tayoyin lokacin zafi masu matuƙar riƙe titi, irin su Michelin Pilot Sport 4S da ta fito a 2017, da Continental SportContact 7, da Bridgestone Potenza Sport, da Pirelli P Zero, da Goodyear Eagle F1 SuperSport. Sunan lokacin zafi yana sa wasu su ɗauka ba sa son ruwa, alhali kuwa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, matuƙar ba a cikin tsananin sanyi ake ba, su ne suka fi kowane rukuni kama birki, saboda robarsu na da sinadarin silika kuma suna da manyan kwaruruka masu fitar da ruwa. Bambancin da ke tsakaninsu na hali ne: an san Potenza Sport da kaifin amsa sitiyari tare da ɗan tauri, SportContact 7 ta yi suna wajen birki a busasshiyar hanya da jiƙaƙƙiya, Pilot Sport 4S kuma ta shahara da haɗa riƙo da daɗin tafiya da jimawa. Ga wanda ke tuƙa motarsa a kan titi, ko da yakan leƙa filin tsere jefi-jefi, wannan rukuni ne amsar, kuma da wuya ya yi nadamar kowace daga cikinsu.

Rukuni na biyu shi ne na tayoyin filin tsere da doka ta yarda a hau titi da su, kamar Michelin Pilot Sport Cup 2, da Pirelli P Zero Trofeo R, da Yokohama Advan A052, da Bridgestone Potenza RE-71RS. Idan aka dube su a kusa za a ga kafaɗar waje kusan sumul take, zanen ba shi da zurfi, robar kuma idan ta ɗauki zafi har tsakuwa take mannewa a jikinta. A busasshen filin tsere babu mai ja da su. Sai dai suna buƙatar zafi kafin su fara aiki, don haka a safiya mai sanyi, a kilomitocin farko, suna iya zama ƙasa da tayar rukunin farko. Idan kuma aka afka cikin ruwan da ya kwanta a kan hanya da gudu, ƙarancin kwarurukan yana sa ruwan ya shiga tsakanin taya da kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya daina ji, har sai tayar ta sake samun ƙasa. Bayan haka, kowane zagayen ɗaukar zafi da hucewa yana ƙara busar da robar, ta yadda tayar kan rasa riƙonta alhali zanenta bai ƙare ba. Mutane da yawa suna saye ne don kyan gani ko don sun ji cewa da ita aka kafa tarihin gudu a filin Nürburgring na Jamus, amma direban da ya kafa tarihin ya yi shi ne a busasshiyar hanya da tayoyin da suka ɗauki zafi yadda ya kamata. Wanda ke zuwa filin tsere a kai a kai zai fi cin riba idan ya ware wili huɗu daban ya ɗaura musu waɗannan, ya bar na titi a kan motar.

Sanyi ne ke kawo rukuni na uku da na huɗu. Idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7 na Selshiyos, robar tayar zafi tana fara yin tauri, kuma a tsananin sanyi tana iya tsattsagewa. Tayoyin kowane yanayi masu jure gudu, kamar Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus, suna jimawa kuma suna jure sanyi da 'yar dusar ƙanƙara, amma suna rage wa motar kaifi a lokacin zafi. Inda ƙanƙara ke kwanciya da gaske, tayar hunturu mai alamar dutse mai kololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, irin Michelin Pilot Alpin 5, ita ce kaɗai mafita. Wanda yake inda ba a yin sanyi irin wannan ba shi da dalilin sayen ko ɗaya daga cikinsu.

Lambobin gwaji suna taimakawa idan an san iyakarsu. A tsarin Amurka na auna ingancin taya, wato UTQG, akwai lambar jure suɗewa, wadda girmanta ke nuna jimawar taya, inda Pilot Sport 4S ke da 300, RE-71RS ke da 200, tayoyin kowane yanayi kuma sukan haura 500. Kamfanin da ya yi tayar ne ke sa lambar, don haka ta fi amfani wajen gane rukuni fiye da kwatanta kamfani da kamfani. Takardar da Tarayyar Turai ke sa a manna wa sabuwar taya, wadda aka sabunta a watan Mayun 2021, tana ba da maki daga A zuwa E a kan shan mai da kuma birki a jiƙaƙƙiyar hanya, tare da ƙarar tayar. Ga motar gudu makin ruwan ne abin dubawa, kuma a nemi A, domin taya mai riƙo sosai ba ta cika samun maki mai kyau a shan mai ba, kuma wannan ba aibi ba ne a irin wannan mota.

Wasu motocin suna zuwa da tayoyin da ke iya tafiya bayan sun sace, galibi kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 a sa'a ba. Gefensu mai kauri yana ƙara nauyi da jijjiga, shi ya sa masu motoci da dama ke komawa ga taya ta al'ada, amma duk wanda zai yi haka ya tuna cewa motar ba ta da safaya, sai ya tanadi famfon iska da ruwan toshe huji. Huji a gefen taya ba ya facuwa, kuma wasu kamfanonin ba sa lamuntar harafin gudun tayar da aka yi wa faci ko da a tsakiya ne.

A ranar saye a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Motocin gudu sukan daɗe a ajiye, don haka tsufa kan cim ma tayarsu kafin suɗewa, kuma kamfanonin mota da dama suna ba da shawarar canji bayan shekara shida, yayin da Michelin ke sa iyaka a shekara goma. Doka a Turai ta tsaya a zurfin zane na milimita 1.6, amma taya mai faɗin 305 tana da ruwa mai yawa da za ta kawar, don haka da zarar ta kai milimita 3 lokaci ya yi. A canza aƙalla biyu tare, dama da hagu, a motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja kuwa a duba abin da littafinta ya ce game da bambancin zurfi, domin yana iya wajabta canza duka huɗun.

Wajen ɗaurawa a nemi mai injin da ba ya karce wili, a tabbatar gefen da aka rubuta wa Outside yana waje, a yi balansin, sannan a daidaita ƙafafun motar, domin an saita su da ɗan karkata ciki kuma ƙaramin kuskure yana cinye gefen ciki inda ido ba ya kaiwa. A auna iska tayar tana sanyi bisa lambar da ke jikin ƙofa, ba lambar iyaka da ke gefen tayar ba, kuma a tuƙa a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomitocin farko har santsin da sabuwar roba ke fitowa da shi daga masana'anta ya goge.