Sharhi kan takalmin Hoka Bondi 8 ga wanda aka yi wa tiyatar babban yatsan ƙafa

Wanda aka yi wa tiyatar gyaran babban yatsan ƙafa, wato ciwon nan da ƙashin gindin yatsa ke ɓullowa gefe har yatsan ya karkace ya jingina da maƙwabcinsa, yakan ɗauka cewa ranar da likita ya ce ya ajiye takalmin asibiti ita ce ranar da wahala ta ƙare. Alhali kuwa daga ranar ake shiga wani sabon babi, domin ƙafar da ta fito daga bandeji ba ta shiga ko ɗaya daga cikin takalman da ke gida, ba ta kuma yarda a lanƙwasa ta. A wannan gaɓa na fara sanya Hoka Bondi 8 bisa shawarar mai yi mini gashin ƙashi, kuma da wannan gaɓa ta jinya zan auna shi.

Ciwon, wanda likitoci ke kira hallux valgus, ya fi kama mata, kuma a mafi yawan tiyatarsa ana yanka dogon ƙashin da ke bayan yatsan ne, a mayar da shi kan layi, a riƙe shi da ƙananan notuna na ƙarfe. Ƙashin yakan ɗauki kimanin mako 6 kafin ya haɗe, amma kumburin yana iya kai wata 6, wani ma har shekara. A duk takun da mutum zai yi, da zarar dunduniya ta ɗaga sai babban yatsa ya lanƙwashe sama ya ɗauki nauyin jiki, kuma wannan mahaɗar ce daidai wurin da wuƙar likita ta taɓa. Shi ya sa mai jinya kan riƙa taka gefen ƙafa na waje ba tare da ya sani ba, har gwiwa da ƙugu su fara ciwo.

A nan ne takalmin ya nuna amfaninsa. Wasu Faransawa biyu, Nicolas Mermoud da Jean-Luc Diard, suka kafa Hoka a shekarar 2009 domin masu gudun gangarowa daga duwatsu, kafin kamfanin Deckers na Amurka ya mallake shi, shi kuwa Bondi 8 ya fito ne a 2022. Tafinsa soso ne mai kauri wanda ya ɗan ɗaga ta gaba da ta baya kamar ƙasan kwalekwale, kuma idan ka riƙe shi da hannu biyu ka yi ƙoƙarin naɗe shi, da kyar zai motsa. Saboda haka ƙafa takan mirgina gaba ne maimakon ta lanƙwashe, takalmin ya yi aikin da yatsan bai iya yi tukuna. Bambancin tudu tsakanin dunduniya da yatsu milimita 4 ne kacal, don haka nauyi ba ya zubowa kan gaban ƙafa. A tattakin da nake yi bayan sallar asuba a kan kwalta na ga shaidar hakan, domin na daina sauraren zafin da ke zuwa a ƙarshen kowane taku, na kuma ga sawun ƙafata a kan yashin gefen hanya ya miƙe, bai karkata waje ba kamar yadda yake yi idan na sa silifas.

Batun faɗi yana buƙatar kulawa sosai. Na maza yana zuwa da lambobin faɗi D da 2E da 4E, daga madaidaici zuwa mafi faɗi, na mata kuma B da D, kuma ƙafar da aka yi wa aiki mai faɗin take so, domin tabon ɗinkin yana gefen ciki, daidai inda jikin takalmi ke gogawa. A gwada shi da yamma, lokacin da kumburi ya kai iyakarsa, da safar da za a riƙa sawa. A zaro shimfiɗar ciki a taka ta a ƙasa. Idan yatsu suka wuce gefenta, wannan lambar ba taka ba ce.

Akwai kuma abin da ba a yi shi dominsa ba. A na maza, nauyin kowace ƙafar takalmin ya kai kimanin giram 300, tudunsa kuma yana hana mutum jin ƙasa, don haka bai dace da ƙwallon ƙafa ba, ko gudu a hanyar da ruwa ya zaizaye. Mai zuwa masallaci sau biyar zai gaji da kwance igiya da ɗaurawa. Kuɗinsa dala 165 ne a Amurka lokacin da ya fito, wanda ba ƙaramin abu ba ne a aljihun ɗan Najeriya, shi ya sa da yawa ke komawa gwanjo. Ban ga laifin gwanjo ba, amma a kifa takalmin a duba tafin: idan gefe ɗaya ya cinye ko soson ya yamutse, zai tilasta wa ƙafarka tafiyar tsohon mai shi. Jabu kuma ya cika kasuwa, kuma alamarsa ita ce yana naɗewa a hannu cikin sauƙi.

Abin da ya fi damuna game da shi ya fito ne daga abin da ya sa na yabe shi. Tun da yake ɗauke wa yatsa aikin lanƙwasawa, mutum zai iya yin tafiya mai nisa cikin jin daɗi ya zaci ya warke, alhali mahaɗar tana ƙara sandarewa a ciki, kuma sandarewa na cikin matsalolin da aka fi sani bayan wannan tiyata. Ba zai gane ba sai ya cire takalmin ya zo sujada, ya ji yatsan ya ƙi kafuwa a ƙasa. Mai yi mini gashi ta tsaya kai da fata a kan wannan: kullum sai na kama yatsan da hannu na ja shi sama da ƙasa a hankali, na tattaro tawul da yatsu, daga baya na riƙa ɗaga dunduniya ina dafe da bango ba takalmi.

Ita ce kuma ta tsara mini komawa motsa jiki, aka fara da keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya, sai tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sannan sassarfa bayan hoton ƙashi ya nuna ya haɗe kuma likita ya amince. Yawanci ba a kai wa ga gudu kafin wata 3 zuwa 6, wanda aka haɗe masa mahaɗar tsakiyar ƙafa da tiyatar Lapidus kuwa jiransa ya fi haka tsawo. A matakin tafiya da farkon sassarfa ne Bondi 8 ya cancanci kuɗinsa, kuma wanda zai saya ya fara kai shi wurin mai gashinsa ta ga yadda yake takawa a ciki, bayan ya yi sharaɗi da mai shago cewa zai iya canja lamba idan bai yi ba.